Takarda, Reza da Allura: Koyar da Simetiri a Mafara, Bakura da Maradun

Malaman da suka fara riƙe alli a zamanin shirin ilimin firamare na bai-ɗaya, wanda aka ƙaddamar a 1976, sun riga sun yi ritaya a Talata Mafara da Bakura da Maradun, waɗanda suka koyi aiki a hannunsu kuma suna dab da bin sahunsu, saboda haka wata hanyar koyarwa tana shirin tafiya da su ba tare da an rubuta ta ba. Hanyar ta shafi simetiri, wato daidaituwar sassan siffa, wanda manhaja ta kasa gida biyu: daidaiton ninki, inda ake neman layin da idan aka ninke siffa a kansa rabinta zai hau ɗaya rabin ba tare da ragi ba, da daidaiton juyi, inda ake ƙirga sau nawa siffa take komawa kamanninta kafin ta cika zagaye ɗaya na digiri 360.

Darasin ya ƙara samun gindin zama ne da zuwan abin da aka kira lissafin zamani, wanda aka fara rubuta littattafansa domin Afirka a tarukan Entebbe ta Yuganda daga 1962, kuma Grace Alele-Williams tana cikin 'yan Nijeriya da suka yi aikin. Gwamnatin tarayya ta soke wannan lissafi a 1977, amma ninke takarda bai bi shi kabari ba, domin littattafai irin su New General Mathematics sun riƙe shi, sa'annan tsarin 6-3-3-4 da ya fara aiki a 1982 ya ajiye shi a ƙaramar sakandare. Malaman wannan yanki, waɗanda da yawansu suka fito daga kwalejin horon malamai ta Maru lokacin da Zamfara take cikin Jihar Sakkwato, an hore su a kan cewa malamin da ya shiga aji hannu rabbana bai shirya darasi ba.

Kayan aikin ba su wuce tsohuwar jarida da kwalin sukari da reza ba. Da yake takardar kwafi mai shara-shara ba ta samuwa a kasuwar ƙauye, sai a shafa wa farar takarda man gyaɗa a shanya ta har ta riƙa nuna abin da ke ƙarƙashinta, a kwafi siffa a kanta, a soke tsakiyarta da allura ko ƙaya, a sa wa kusurwa ɗaya alama, sa'annan ɗalibi ya juya ta a hankali yana ƙirga lokutan da zanen sama ya hau na ƙasa. Mai wannan aiki da hannunsa ba ya bukatar a gaya masa cewa alwatika mai gefuna daidai tana komawa kamanninta sau 3, murabba'i kuma sau 4.

Mustaɗili, wato siffa mai kusurwa huɗu miƙaƙƙu wadda tsawonta ya fi faɗinta, shi ne ma'aunin da tsofaffin malamai suke gane wanda ya iya da wanda ya haddace. Ido yana raya wa yaro cewa layin da ya ratsa daga kusurwa zuwa kusurwa layin ninki ne, tunda ya raba siffar gida biyu daidai, amma da zarar ya ninke takardar sai ya ga kunnuwa biyu sun leƙo waje, ya tabbata layukan 2 ne kawai. Ana ba da labarin wani tsohon malami a Bakura wanda ba ya taɓa gyara wannan kuskure da baki. Yakan miƙa wa ɗalibi takarda ya koma kujerarsa, kuma an ce shi ne yake aika yara gida su aro faifan iyayensu mata domin a ƙirga juyin adon da aka saƙa a kansu. A hannun irinsa ne ake koyon dagin Arewa ma, wanda idan aka zana shi da saƙarsa, zare yana hawa wani yana nutsewa ƙarƙashin wani, yakan koma kamanninsa in an juya shi, alhali ba shi da layin ninki ko ɗaya, domin ninki yana mayar da zaren sama ƙasa. Faralelogiram, siffar da ta yi kama da mustaɗilin da aka karkatar, haka take: juyi 2, layi babu.

Abin da ya maye gurbin wannan shi ne jadawalin da ake kwafa daga littattafan tsofaffin tambayoyin WAEC da na NECO, wadda ta fara shirya jarrabawar kammala sakandare a 2000: sunan siffa, yawan layi, yawan juyi, a rera a haddace. Sababbin malamai suna da uzurinsu, kuma ba a raina shi ba. Aji ya cika maƙil, minti 40 ba ya isar rabon takarda da tattara reza, kuma tun bayan sace ɗaliban Jangebe a Fabrairun 2021 da na Kaya ta Maradun a Satumbar 2021, rufe makarantu ya cinye makonnin karatu masu yawa, har malami ya koma neman hanyar da za ta kai shi ƙarshen manhaja kafin jarrabawa. Sai dai uzurin bai taɓa asalin damuwar ba, domin watsi da ninki ya girmi rashin tsaro da shekaru.

Ɓarnar ba ta bayyana a tambayar zaɓi, inda hadda takan fitar da mutum kunya. Tana fitowa ne a babbar sakandare, a takardar da ake rubuta aiki dalla-dalla, lokacin da aka ce ɗalibi ya zana lanƙwasar da lissafi mai x sau x yake bayarwa, ya kuma faɗi layin da ya raba ta gida biyu masu kama da juna. Wanda ya saba da ninki yakan duba wuraren biyu da lanƙwasar ta yanke layin kwance ya ɗauki tsakiyarsu, wanda ya taso da jadawali kuwa yakan tsallake tambayar, saboda lanƙwasa ba ta cikin jerin siffofin da aka ba shi ya haddace.