Tashar Jirgin Ƙasa ta Funtuwa da Ƙasar Katsina ta Tsakiya

Layin dogo ya isa Kano a 1911, amma bai zarce zuwa birnin Katsina ba, kuma har Turawa suka sauka daga mulki babu wata babbar tashar jirgi a lardin Katsina in ba ta Funtuwa ba, wadda ke kan reshen da ya tashi daga Zariya ya bi ta Gusau ya tuƙe a Ƙauran Namoda a 1929. Auduga ce ta jawo wannan reshe. Ƙungiyar BCGA, wadda masu masaƙun Ingila suka kafa a Manchester a 1902 domin samo wa injinansu auduga, ta gina gidan gurza a Funtuwa, wato wurin da ake raba kaɗa da angurya a matse ta dila-dila, kana a loda ta a tarago zuwa Ikko. Albarkacin haka ƙauyen da a da yake ƙarƙashin inuwar Maska ya bunƙasa; kujerar Sarkin Maska ma can ta koma.

Gundumomin tsakiya, kamar Dutsin-Ma ta hakimi 'Yanɗaka da Kurfi ta hakimi Maraɗin Katsina, ba su taɓa jin kukan jirgi ba, sai dai amfanin gonarsu ya je inda jirgin yake. Manomi yakan kai audugarsa fuloti, wato kasuwar da hukuma ta keɓe domin sayenta da kaka, inda malami zai cusa hannu cikin buhu ya duba tsabtarta ya yanke mata daraja kafin a ɗora a sikeli. Daga nan jakuna, daga baya kuma manyan motoci, su ɗauke ta tare da gyaɗa zuwa bakin dogo. Ladan wannan doguwar jigila daga kuɗin manomin ake cire shi, kuma wannan rashin adalci ne da ba a cika ambatonsa a tarihin reluwe ba.

Tashar ta fara mutuwa tun kafin jirgi ya daina tsayawa a cikinta. Kwalta ta sa mota ta fi jirgi sauri, Hukumar Jiragen Ƙasa da aka kafa a 1955 ta shiga cin bashi da ƙarancin kayan gyara, sannan a 1986 gwamnati ta rushe hukumomin sayen amfanin gona, cinikin auduga ya watse a hannun 'yan baranda, masaƙun Kaduna kuma suka yi ta rufewa. Layin da aka shimfiɗa domin kaya ɗaya bai sami wani abin dogaro ba, don haka zirga-zirgar yau da kullum ta tsaya, gari ya kewaye filin tashar.

Sabon layin Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, an tsara shi ya bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, wato ta arewacin jihar Katsina, ya sake barin Dutsin-Ma da Kurfi a gefe.