Garin da Ka Taɓa Zama: Yadda Wasannin Bidiyo Suka Koyi Komawa Tsohuwar Taswira

A ƙarshen 1999, yaran Japan da suka sayi Pokémon Gold da Silver sun buga wasan har inda suke zaton nan ne ƙarshe. Sun karaɗe yankin Johto, sun tara lambobin yabo takwas, sun kayar da zakaran gasa. Sai aka miƙa musu tikitin jirgin ruwa. Jirgin ya sauke su a tashar Vermilion, cikin Kanto, ƙasar da suka haddace lungu da saƙo tun wasan farko na 1996. Hanyoyin suna nan, garuruwan suna nan, amma a labarin shekara uku ta wuce. Dutse ya yi aman wuta ya shafe garin da ke tsibirin Cinnabar. Hasumiyar maƙabarta ta Lavender ta koma gidan rediyo. Yaron nan mai fahariya da suka sha karawa da shi ya girma, ya zama shugaban gidan gasa a Viridian.

Ba nan aka fara komawa tsohuwar taswira ba. Tun 1987, Dragon Quest II ya saka ƙasar Alefgard ta wasan farko a wani ɗan gefe na sabuwar duniyarsa, a tsuke, don mai wasa ya ga yadda duniyar ta faɗaɗa. Amma komawa Kanto ce ta fito da amfanin abin a fili. Sabuwar ƙasa tana iya burge ka, ba ta iya nuna maka cewa lokaci ya wuce. Sai wurin da ka sani ne zai iya. Duk wanda ya yi shekaru a ci-rani ya dawo unguwarsu ya tarar filin da suke ƙwallo ya zama jerin shaguna, ya san wannan abin da ke sukar ƙirji.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, abin da ya yaɗa al'adar nan kuɗi ne. A zamanin PlayStation 2, kamfanin Rockstar ya fitar da Grand Theft Auto III a 2001, Vice City a 2002, San Andreas a 2004. Taswira uku cikin shekara uku, kowacce sabuwa fil. Da na'urori suka ƙara ƙarfi, ido ya saba da ganin tsagewar bango da inuwar ganye, sai kowane titi ya koma aikin watanni ga masu zane. Takardun da Sony ya miƙa a shari'ar da hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta yi da Microsoft a 2023 sun nuna cewa Horizon Forbidden West ya lashe dala miliyan 212. Wanda ya kashe irin wannan dukiya wajen gina duwatsu da koguna, da wuya ya yarda ya yar da su bayan amfani ɗaya. Shi kansa Rockstar tun 2005 ya ɗauko birnin GTA III ya mayar da shi cikin Liberty City Stories, ya ja labarin baya zuwa 1998.

Amma in ana maganar wanda ya mai da komawa wuri ɗaya sana'a, sai a tafi Tokyo. A Disambar 2005 kamfanin Sega ya fitar da Ryu ga Gotoku, wanda duniya ta sani da Yakuza, a ƙarƙashin jagorancin Toshihiro Nagoshi. Wasan yana gudana ne a Kamurocho, unguwar da aka kwaikwayo daga Kabukicho, matattarar masu yawon dare a Shinjuku. Unguwar ba ta da girma, cikin 'yan mintoci ka ratsa ta da ƙafa. Ga jar ƙofar titin Tenkaichi mai fitilu, ga dandalin gidajen silima, ga dogon benen Millennium Tower a tsakiya. Tun daga tushe labarin na dawowa gida ne: jarumin wasan, Kazuma Kiryu, ya shiga kurkuku a 1995, ya fito bayan shekara goma ya tarar unguwar ta sauya masa.

Daga nan sai Sega ya riƙe unguwar ƙam. Yakuza 2 na 2006 ya ƙara wata unguwa a Osaka, amma Kamurocho na nan. Yakuza 4 na 2010 ya buɗe saman rufin gidaje da hanyoyin ƙarƙashin ƙasa, wato an ƙara wa wurin zurfi ba tare da an ƙara masa faɗi ba. Lambun da marasa matsuguni ke kwana a ciki, a hankali aka rushe shi aka kafa katafaren ginin Kamurocho Hills, kuma wanda ya bi jerin ya ga aikin tun ana shirinsa har ya kammalu. Shaguna na rufewa, wasu na buɗewa, yadda ake yi a kowace kasuwa.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne Yakuza 0 na 2015, da ya koma Disambar 1988, lokacin da kuɗi suka yi ambaliya a Japan, farashin fili ya haukace. Ka shigo ta ƙofar da ka sani, ƙafarka ta bi hanyar da ta saba, ka ɗaga kai ka nemi Millennium Tower, babu shi. A wurinsa sai cunkoson tsofaffin gidaje da 'yan lunguna, a tsakiyarsu wani ɗan fili da bai fi ɗaki ba. A kan wannan ɗan filin ake zubar da jini a dukkan labarin, domin shi kaɗai ya rage a saya kafin a rushe wurin a yi sabon gini. Baƙo zai ga kango ne kawai da shara. Wanda ya yi shekara goma yana ratsa unguwar ya san abin da za a dasa a kansa, ya san kuma mutanen da za su mutu a saman benen. Wannan nauyin ba rubutu ne ya kawo shi ba, sabo ne. Kuma da yake ba sa sake gina gari daga tushe kowane karo, masu ƙera wasan sun samu sararin fitar da sabo kusan kowace shekara ko biyu, har suka shigo da wani jarumi daban, mai binciken sirri Takayuki Yagami, cikin titunan nan a Judgment na 2018.

Ba kowa ne ya yi abin da zuciya ɗaya ba. Crackdown 2 na 2010 ya dawo da birnin Pacific City na 2007 a rurrushe, masu sharhi da yawa suka ce tsohuwar miya ce aka ɗumama. A 2016 kuma, bayan fitowar Far Cry Primal, wanda aka ce yana faruwa a Turai shekara dubu goma kafin haihuwar Annabi Isa, sai aka ɗora taswirarsa a kan ta Far Cry 4, wadda ke tsaunukan Himalaya, aka ga koguna da tafkuna sun hau kan juna. A ganina laifin ba a sake amfani da ƙasar yake ba. Laifin shi ne an sauya mata suna da zamani, an sayar da ita a matsayin baƙuwa, don haka mai wasa bai samu daɗin sabon wuri cikakke ba, bai kuma samu daɗin dawowa gida ba. Ubisoft, mai yin jerin, ya gyara salo a Far Cry New Dawn na 2019: ya faɗa a fili cewa gundumar Hope ce ta Far Cry 5, shekara 17 bayan faɗuwar makaman nukiliya.

Gwaji mafi girma ya zo daga Nintendo. The Legend of Zelda: Breath of the Wild ya fito a Maris 2017, kuma abin da ya sa aka so shi shi ne rashin sanin abin da ke bayan tudu na gaba. To yaya za a maimaita wannan a ƙasar da mutane suka tattake? Eiji Aonuma, mai kula da jerin, ya bayyana cewa dabarun da suka tara don yi wa wasan ƙari ne suka yi yawa, har suka ga gara a yi sabo. Aka sanar a 2019, aka jira har 12 ga Mayu 2023, farashi a Amurka dala 70. Kafin fitowarsa ƙorafi ya yi yawa: shekara shida, a kawo mana ƙasar Hyrule ɗin da muka sani?

Sabon wasan, Tears of the Kingdom, ya sayar da kwafi miliyan 10 cikin kwana uku. Abin da darakta Hidemaro Fujibayashi da mutanensa suka yi shi ne suka bar ƙasar a inda take, suka rataya tsibirai a samanta, suka haƙa wata duniya mai duhu a ƙarƙashinta, girmanta ɗaya da ta sama. Hikimar tana cikin wannan ta ƙasa, domin a kife aka yi ta: inda tsauni yake a sama, kwari ne a ƙasa, inda kogi yake, katanga ce. Saiwoyin da ke ba da haske a can suna daidai ƙarƙashin wuraren gwaji na sama. Ashe sanin tsohuwar taswira, wanda aka ji tsoron zai kashe wasan, shi ne fitilar da kake lalube da ita a cikin duhu. Akwai masu cewa har yanzu doron ƙasar bai sauya yadda ya kamata ba, kuma suna da hujja, don wasu yankunan kusan yadda ka bar su haka za ka tarar. Su ma masu ƙera wasan sun san abin yana da iyaka, shi ya sa a 2023 Aonuma ya ce ba su da shirin yi masa ƙari, suna ganin sun gama abin da za su iya a wannan duniyar.

Ni dai inda na fara nufa da na samu doki shi ne arewa maso gabas, yankin Akkala. A Breath of the Wild akwai wani magini, Hudson, da ka yi ta sarar itace kana kai masa, kana nemo masa mutane ɗaya bayan ɗaya daga ƙabilu daban-daban, har tsibirin dutse da ba kowa ya zama garin Tarrey, aka rufe da ɗaurin aurensa. Da na koma, gidajen da na kawo itacensu suna tsaye. An kafa kamfanin gini, an ja layin ɗan jirgi zuwa wurin aiki a ƙasan tudu. Hudson da matarsa sun haifi 'ya mace, Mattison, ta yi wayo, tana shirin tafiya garin dangin mahaifiyarta a hamada, uban kuwa ya kasa sakin hannunta.