Ƙyanda da Mantuwar Jiki

Tun zamanin kakanni mutanen Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa sun san ƙyanda, wadda waɗansu ke kira baƙon dauro. Takan zo da rani, ta bi gida gida. Amma abin da ya fi ba iyaye tsoro shi ne abin da ke biyo bayanta. Sai yaro ya tashi, ƙuraje su bushe, sa'an nan tari ko zawo ya zo ya ɗauke shi.

Dalilin wannan ya daɗe a ɓoye. A 1908 wani likita a ƙasar Ostiriya, Clemens von Pirquet, ya lura yaron da fatarsa ke nuna alama in an yi masa gwajin tarin fuka, da ƙyanda ta kama shi sai alamar ta ɓace. Watau jikinsa ya daina amsawa.

Ga yadda abin yake. Cikin jini akwai fararen ƙwayoyi, su ne dakarun jiki. In cuta ta shigo sai su hayayyafa, ɗaya ta zama biyu, biyu su zama huɗu, har su rinjaye ta. Waɗansunsu kuma su riƙe kamanninta, domin in ta komo su gane ta. To, ƙyanda cikin waɗannan masu tunawa take shiga, ta hallaka da yawa, ta hana sauran hayayyafa. Kamar gari ne da aka kashe masu tsaron ƙofa waɗanda suka san fuskokin ɓarayi.

A 2015 masana suka nuna wannan rauni yakan kai shekara biyu ko uku. A 2019 kuma, da aka auna jinin yara a ƙasar Holan, aka tarar ƙyanda ta share kashi 11 zuwa 73 cikin ɗari na makaman da jininsu ya tanada.

An sami allurar rigakafinta a Amurka a 1963. A 1967 aka soma yawon lambar agana da allurar ƙyanda a Nijeriya, a watan Disamba na 2005 kuma aka yi babban gangami a jihohin Arewa, har da Kano.

Saboda haka, jama'a, ku kai yaro asibiti yana wata tara, ku koma yana wata goma sha biyar. Allurar nan tana tsare shi daga ƙyanda, tana kuma tsare masa duk abin da jikinsa ya koya. Rigakafi ya fi magani.