Jakar da Ta Sauya Kaya

Duk sa'ad da na taso daga Katanga na ga jakar gana-mas-go a kasuwar Jega, sai shekarar 1983 ta faɗo mini a rai. Ranar 17 ga Janairu, gwamnatin Shehu Shagari ta bai wa baƙi marasa takardun zama mako biyu su tattara nasu ya nasu. Kimanin mutum miliyan biyu suka fice, kusan rabinsu 'yan Gana. Laifinsu, wai sun tare wa 'yan ƙasa aikin yi.

Alhali farashin man fetur ne ya faɗi, baitulmali kuma ya riga ya rame a hannun 'yan kwangilar bogi da dillalan lasisin shigo da shinkafa. Baƙi suka tafi, masana'antu ba su daina sallamar ma'aikata ba. A ƙarshen Disamba soja suka hamɓarar da gwamnatin. Mun manta cewa da irin wannan hujja Busia ya koro namu daga Gana a 1969.

A ganina, an bar jaki ana dukan taiki. Jakar da baƙo ya kwashi tsummokaransa a cikinta, yau da ita ake safarar kuɗin rashawa.