Daga Asibitin Malam Zuwa Titin Gwarzo: Wa Ke Horar da Ma'aikacin Laburare?

Wanda ya biyo titin Zariya daga gadar Dangi ya nufi Unguwa Uku, ba zai fita daga yankin Gyaɗi-Gyaɗi ba sai ya yi arba da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda Kanawa ke taƙaitawa da Asibitin Malam. An kafa shi a 1988, kuma a 2002 ya soma yin dashen ƙoda. Jama'a sun san shi da likitoci da layin karɓar kati. Kaɗan ne suka san cewa a wannan harabar akwai laburaren da ɗaliban likitanci na Jami'ar Bayero da malamansu suke dogara da shi, nesa da babban laburaren jami'ar da ke sabon mazauninta a titin Gwarzo.

Wannan nisa shi ne mafarin zancen. Ma'aikacin da aka turo irin wannan reshe ya karanta ilimin laburare ne, bai karanta likitanci ba. Amma masu zuwa gabansa likitoci ne masu neman ƙwarewa, da ungozoma, da masu binciken sikila da zazzaɓin cizon sauro. Tambayar ita ce: ina zai koyi abin da zai amfane su da shi? Hujjar wannan maƙala ita ce, a Kano, ba taron shekara-shekara ne zai ba shi wannan ba, kuma ba sabuwar na'ura ba ce. Abokan aikinsa da ke sauran manyan makarantun garin ne za su ba shi, in har aka shirya musu hanyar haɗuwa.

Aikin laburare na zamani a ƙasar nan da haɗin kai aka soma shi. Taron da UNESCO ta shirya a Ibadan a 1953 ne ya haifar da ƙungiyar ma'aikatan laburare ta Afirka ta Yamma a 1954, daga cikinta kuma ƙungiyar Nijeriya, wato NLA, ta fito a 1962. Ibadan ce ta fara buɗe makarantar horar da su da tallafin gidauniyar Carnegie. A Arewa, rahoton da F. A. Sharr ya rubuta a 1963 kan buƙatun ɗakunan karatu na Jihar Arewa ya share fagen buɗe sashen ilimin laburare a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1968. Jami'ar Bayero, wadda ta tsaya da ƙafarta a 1977, ta bi sahu da nata sashen. Daga baya Doka mai lamba 12 ta 1995 ta kafa hukumar rajistar ma'aikatan laburare, LRCN, wadda ke tantance wanda ya cancanci a kira shi ƙwararre.

Ke nan ba a rasa makarantu ba, ba a rasa ƙungiyoyi ba. Matsalar tana wani wuri.

A jami'o'in Nijeriya, ƙwararren ma'aikacin laburare yana cikin jerin malamai. Wannan nasara ce da aka sha gwagwarmaya kafin a same ta, kuma ta ɗaga darajar sana'ar. Sai dai ta zo da sharaɗi: ƙarin girma yana rataye da yawan maƙalun da mutum ya wallafa da tarurrukan da ya halarta. Sakamakon haka, a bakin ma'aikata da yawa, ƙara ilimi ya koma yana nufin abu biyu kawai, takardar shaidar halartar taro da maƙalar da za a lissafa ranar tantancewa. Mujallun sana'ar sun cika da bincike iri ɗaya: an raba takardun tambayoyi, an gano cewa wutar lantarki ba ta tsayawa, intanet ba shi da ƙarfi, kuɗi ba sa isa, an ba da shawarar gwamnati ta ƙara kaso. Duk gaskiya ne. Amma wanda ya rubuta irin wannan sau biyar zai iya kaiwa babban matsayi alhali bai taɓa zaunar da likita ya nuna masa yadda ake tace sakamakon bincike a rumbun bayanan likitanci na PubMed ba. Laifin ba na ma'aikacin ba ne shi kaɗai. Ma'aunin da aka ɗora masa ne bai auna abin da mai karatu yake buƙata ba.

Tarihin shigar kwamfuta ɗakunan karatun jami'o'i ya isa darasi. A tsakiyar shekarun 1990, ƙarƙashin rancen Bankin Duniya, Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta raba wa jami'o'in tarayya wata manhaja mai suna TINLIB domin su mayar da katunan jerin littattafansu cikin kwamfuta. A wurare da dama aikin bai yi nisa ba. An kawo kaya, an yi ɗan gajeren horo, masu horarwa suka tafi. Ranar da manhajar ta cije, ba wanda za a kira, domin kowace jami'a tana fama ita kaɗai.

A shekarun 2000 aka sake gwadawa ta wata siga. Gidauniyar MacArthur ta zaɓi jami'o'i huɗu, Ahmadu Bello da Bayero da Ibadan da Fatakwal, ita kuma Carnegie tana tallafa wa wasu, ciki har da Jos da Ife. Cibiyar Mortenson ta Jami'ar Illinois da ke Amurka ta riƙa turo ƙwararru, kuma abin da ya bambanta wannan karon shi ne an riƙa tara ma'aikatan waɗannan jami'o'i wuri guda, suna koyon aiki da manhaja ɗaya, Virtua. Ita ma manhajar tana da tsadar sabunta lasisi, shi ya sa ɗakunan karatu da yawa a ƙasar suka karkata zuwa Koha, wadda aka ƙirƙira a New Zealand a ƙarshen 1999 kuma kyauta ce ga kowa. Manhaja ta zo ta wuce. Abin da ya saura shi ne mutanen da suka san juna, wanda ke Kano yana da lambar wayar takwaransa na Zariya, ya san wa zai tambaya in rumbun bayanai ya ƙi buɗewa. Wannan ribar ba a rubuta ta a takardar kwangila ba, amma ita ce ta fi daɗewa.

A dawo Gyaɗi-Gyaɗi a ga yadda abin yake a aikace. A Janairun 2002 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da HINARI, shirin da ya buɗe wa cibiyoyin lafiya na ƙasashe masu tasowa mujallu kusan 1,500 daga manyan kamfanonin ɗab'i shida. AGORA ta aikin gona ta biyo baya a 2003, sai OARE ta muhalli a 2006, yanzu duk suna ƙarƙashin inuwar Research4Life. Ƙofar a buɗe take. Amma a duba likitan da ya fito daga ɗakin masu jinya da rana tsaka, kundin neman ƙwarewarsa na jiran sa, ya zauna gaban kwamfuta ya rubuta sunan cuta ɗaya. Sakamako dubbai ya zubo masa. Yakan ɗauki goman farko ya tashi. Ma'aikacin da ya san aikinsa zai jawo kujera ya zauna kusa da shi, ya tambaye shi wane rukunin majinyata yake nufi, yara ko masu juna biyu, wane magani, a gwada shi da me. Sai ya nemo kalmomin da rumbun ya tanada don wannan cuta, ya haɗa su, ya rage shekaru, ya ware gwajin asibiti daga ra'ayin marubuta. Dubbai su koma 'yan gommai, kuma waɗanda suka rage su ne masu amfani. A ƙasashen da ake nazarin tattara sakamakon bincike bisa tsarin ƙungiyar Cochrane, wadda aka kafa a 1993, ma'aikacin laburare yana cikin tawagar masu bincike tun daga farko, wani lokaci har sunansa ya fito cikin marubuta.

Wannan fasaha ba a lacca ake koyon ta ba. Sai an yi ta da hannu, a gaban wanda ya iya, an kuskure an gyara.

Haka batun mujallun bogi, masu karɓar dala su buga ko mene ne ba tare da tantancewa ba. Wani ma'aikacin laburare ne a Jami'ar Colorado da ke Denver, Jeffrey Beall, ya fara jera sunayensu, har ya rufe jerin a Janairun 2017. Tun daga lokacin nauyin ya koma kan kowace jami'a. Matashin malamin da ke gaggawar ƙarin girma shi ne farkon wanda ake damfara, kuma wanda ya fi dacewa ya tsare shi shi ne ma'aikacin laburaren da ya san yadda ake duba mujalla a jerin tantattun mujallu na DOAJ ko a AJOL, dandalin mujallun Afirka da aka soma a 1998. In ma'aikaci ɗaya a Kano ya gano wata mujallar bogi, babu dalilin da zai sa takwarorinsa su jira sai an cuci nasu malaman kafin su sani.

Kano kuwa ta tara manyan makarantu fiye da yadda ake lura. Ban da Jami'ar Bayero, akwai jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil mai ɗauke da sunan Aliko Ɗangote, da jami'ar jiha da aka kafa a 2012 da sunan Northwest, da makarantar horar da malamai ta Sa'adatu Rimi a kan titin Zariya, da Kwalejin Fasaha ta jiha, da Kwalejin Shari'a ta Aminu Kano, da makarantar 'yan sanda ta Wudil, da masu zaman kansu irin su Skyline da Maryam Abacha. Ga Asibitin Ƙashi na Dala, ga Laburaren Murtala Muhammed, ga Gidan Mambayya a Gwammaja. Mafi yawansu tafiyar Adaidaita Sahu ce tsakaninsu. Duk da haka, ɗalibin da ke neman wani littafi ba shi da wuri guda da zai duba ya san wane laburare ne a garin yake da shi. Sai dai ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ko ya haƙura.

Masu ja da wannan ra'ayi suna da hujjarsu, kuma ba ta raini ba ce. Suna cewa makarantun nan iyayen gidansu daban-daban ne, wata ta tarayya, wata ta jiha, wata ta ɗan kasuwa mai neman ɗalibai. Lasisin mujallun intanet yakan hana a ba wanda ba ɗan makaranta ba kalmar sirri. Babbar jami'a kuma tana iya ganin ita za ta yi ta bayarwa ba ta karɓar komai. Batun lasisi gaskiya ne, kuma bai kamata a karya shi ba. Amma lasisi bai hana a koya wa juna aiki ba, bai hana haɗa jerin littattafai ba, bai hana yarjejeniyar aron littafi tsakanin laburare da laburare ba. Ita ma sayayyar tana iya zama ta taro. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, kuɗin rajistar mujallun waje ya fi ƙarfin kowace makaranta ita kaɗai. Haɗakar sayayya, irin wadda ƙungiyar EIFL ke taimaka wa ƙasashe su ƙulla tun 1999, kamar adashi take: abin da mutum ɗaya ba zai iya tarawa ba, zubin jama'a yakan fitar da shi.

Maganar cewa babba ba ta da abin karɓa kuwa, rubutattun littattafan Kano sun ƙaryata ta. Tarihin sarakunan Kano ya ambaci zuwan malamai da littattafai daga Mali a zamanin Sarki Yakubu, kafin Al-Maghili ya sauka a zamanin Muhammadu Rumfa. Har yau akwai gidajen malamai a cikin birni da ke ajiye da gafaka cike da warƙoƙin da ba a ɗinke ba. Wanda zai yi wa irin wannan littafi rajista sai ya iya karanta rubutun warash da ajami, ya san cewa kalmar da ke ƙasan shafi ita ce farkon shafi na gaba, da ita ake mayar da warƙoƙin da suka tarwatse mazauninsu. Sai ya ɗaga takardar a haske ya ga tambarin jinjirin wata uku na masana'antun Italiya, ya kintaci zamaninta. Digirin ilimin laburare shi kaɗai ba ya ba da wannan. Ana samun sa wajen malamin Larabci a kwalejin shari'a, ko ma wajen malamin zaure. Abin takaici ne a ce tarin littattafan Umaru Falke, malami kuma ɗan kasuwar Kano da ya rasu a 1962, yana Jami'ar Northwestern ta Amurka a jere da bayaninsa, alhali makamantansa da ke Kano da yawa ba a san adadinsu ba. Gidan Arewa na Kaduna da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato suna da ƙwarewar da za a ɗora a kai.

Abin da ake buƙata ba ya cin kuɗi mai yawa. Reshen NLA na Kano da shugabannin ɗakunan karatu za su iya tsayar da zaman aiki na wata-wata, yana zagayawa daga makaranta zuwa makaranta, ba na jawabi da rabon jaka ba, na buɗe kwamfuta a yi aiki. Zaman da ya faɗo Gyaɗi-Gyaɗi ya zama na binciken lafiya, wanda ya faɗo Wudil na kimiyya da noma, na Mambayya kan adana takardun tarihi. Za a iya musayar ƙananan ma'aikata na 'yan makonni. Masu amfani da Koha su daidaita yadda suke shigar da bayanai, domin a iya haɗa jerin littattafansu a shafi guda, masu manhajar DSpace kuma su yi haka da kundayen digiri, waɗanda yawancinsu ke jibge a kanta suna shan ƙurar hunturu.

Sai dai duk wannan ba zai ɗore ba muddin kwamitocin ƙarin girma ba su lissafa shi. Asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa, yana ba makarantun gwamnati kuɗin bunƙasa laburare da na halartar taro. Majalisun jami'o'i ne ke da ikon cewa wanda ya horar da takwarorinsa na wata makaranta, ko ya yi wa rubutattun littattafai ɗari rajista, ko ya tsara binciken da tawagar likitoci ta wallafa, a ba shi maki kamar yadda ake ba mai maƙala. Ita ma LRCN, da ke neman shaidar ci gaba da ƙara ilimi daga waɗanda ta yi wa rajista, tana iya karɓar irin wannan zama na cikin gari a matsayin horo cikakke.