Gidajen Tarihi na Arewa da Rabon Katsinan Laka a Cikinsu

Gabatarwa

Duk ɗan Funtua ko Malumfashi da neman abinci ya kai shi Kano, Kaduna, Jos ko birnin Katsina, yana maƙwabtaka da wani gidan adana kayan tarihi, ko da kuwa bai taɓa leƙa shi ba. Maƙasudin wannan rubutu shi ne mu waiwayi yadda aka kafa waɗannan gidaje da irin kayan da suke baje wa jama'a, sa'an nan mu dubi namu tarihin na Katsinan Laka, wato kudancin ƙasar Katsina, mu ga inda aka ajiye shi da wanda ke tsaron sa. Hausawa dai sun ce waiwaye adon tafiya.

Asalin Gidajen Tarihi a Ƙasarmu

Adana kayan kaka da kakanni tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa. A fadar Katsina akwai takobin nan Gajere da ake dangantawa da Sarki Korau, a fadar Daura kuma akwai takobin da ake dangantawa da Bayajidda. Malamai su ma sun riƙe littattafan iyayensu a cikin gafaka, suna gadar wa 'ya'ya da jikoki. Abin da zamani ya zo da shi shi ne a tara irin waɗannan kaya a gida ɗaya, a rubuta bayanin kowanne, a kuma buɗe ƙofa ga talaka da basarake, yaro da babba.

Wannan aiki ya soma ne a 1943, lokacin da gwamnatin mulkin mallaka ta ɗora wa Kenneth Murray, wani malamin koyar da zane, alhakin binciko kayan tarihin Nijeriya. A 1945 aka buɗe gidan tarihi na farko a Esie, cikin Jihar Kwara ta yau. Na Jos ya biyo baya a 1952 a ƙarƙashin Bernard Fagg, wanda ya tattara gumakan yumɓun nan na Nok da masu haƙar kuza suka riƙa tonowa. Na Legas kuwa a 1957 aka buɗe shi. Daga bisani, a 1979, gwamnatin tarayya ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi da wuraren tarihi ta ƙasa, wadda har yau ita ce ke riƙe da su.

Abin da Mai Ziyara Zai Gani

A Kano akwai Gidan Makama, ginin da ake dangantawa da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15. A cikinsa mutum zai ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin birni, da kayan yaƙi, da hotunan sarakuna, har da ɗakin amarya da jerensa irin na da. A Nasarawa kuma ga Gidan Ɗan Hausa, inda Hanns Vischer ya zauna, Baturen da ya buɗe makarantar boko a Kano a 1909. A Kaduna akwai Gidan Arewa, tsohon mazaunin Sardauna Ahmadu Bello, wanda aka mayar cibiyar binciken tarihi a 1970 bisa jagorancin Farfesa Abdullahi Smith. A Jos an keɓe fili guda aka gina kwaikwayon manyan gine-ginen gargajiya, ciki har da ganuwar Kano da Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu.

A birnin Katsina kuwa, mu malaman makaranta ba mu da wurin da ya fi mana daraja kamar tsohon ginin Kwalejin Horon Malamai, wadda Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a 1922. A waɗannan ɗakuna na ƙasa Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, kafin a mayar da kwalejin Kaduna a 1938, daga can kuma Zariya a 1949, inda ta zama Kwalejin Barewa. Yau ginin gidan tarihi ne, kuma ya kamata kowane uba da ya shiga Katsina da 'ya'yansa ya kai su can, ya haɗa musu da Hasumiyar Gobarau. Gani ya kori ji.

Darasin Durɓi ta Kusheyi

Babu abin da ya nuna amfanin gidan tarihi, da kuma illar rashinsa, kamar labarin Durɓi ta Kusheyi, maƙabartar sarakunan farko na Katsina da ke ƙasar Mani. A 1907 Razdan Palmer, tare da Sarki Muhammadu Dikko, ya sa aka haƙa wasu daga cikin tuddan da ke wurin. An sami kaya, amma da yake a lokacin babu gidan ajiya kuma babu rajista, kayan sun salwanta. A 1992 aka sake haƙa wasu tudda uku tare da Dierk Lange na Jami'ar Bayreuth ta Jamus. A wannan karon an sami kayan ado na zinariya, da warwaron hauren giwa, da duwatsun wuya, da wuri, da tasoshin tagulla waɗanda aka ƙera a ƙasashen Gabas ta Tsakiya. Wasu daga cikin kaburburan sun kai shekara 600 zuwa 700.

An kai waɗannan kaya birnin Mainz na Jamus a 2007 domin a tsaftace su a kuma bincike su, aka baje kolinsu a can a 2011, aka dawo da su Nijeriya a 2014. Ta dalilinsu duniya ta ga shaidar zahiri cewa tun a wancan zamani Katsina na cinikayya da ƙasashen da ke bayan Hamada. Wuri ɗaya aka haƙa sau biyu. Haƙan 1907 ya bar mana labari kawai, na 1992 kuwa ya bar mana kayan da jikokinmu za su gani da idonsu, domin an rubuta su an kuma adana su.

Akwai hanya ta uku da ta fi salwanta muni, wato sata. A shekarun 1990 masu haƙar ɓoye sun tone tsofaffin kufai da yawa a Arewa maso Yamma, musamman a kewayen Kwatarkwashi, suka sayar da gumakan yumɓu ga dillalai a kan kuɗi ƙalilan. Abin ya kai ga a shekara ta 2000 majalisar gidajen tarihi ta duniya ta sanya gumakan Nok da na yankunan Katsina da Sakkwato cikin jerin kayan da ta gargaɗi duniya da kada a saya. Gunkin da aka tumɓuke ba tare da an rubuta inda aka same shi da abin da ke kusa da shi ba, ya rasa mafi yawan labarin da zai ba mu.

Tarihin da Garma da Mazari Suka Rubuta

Mai karatu zai lura cewa kowane ɗaya daga gidajen da muka ambata labarin mazauninsa yake bayarwa: na Kano yana ba da labarin birni da sarauta, na Kaduna labarin mulki da siyasa, na Katsina labarin ilimin boko. Haka ya dace, kuma babu laifi a kansu, domin abin da aka kai musu shi suke nunawa. Sai dai hukumar tarayya ba ta da gidan tarihi a Funtua ko Malumfashi, alhali tarihin wannan yanki iri ne na daban. Namu tarihin na manomi ne da masaƙi da marini.

Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman, a littafinsa kan tarihin Katsina da aka buga a 1981, ya nuna matsayin tsofaffin garuruwa irin su Maska da Gozaki wajen noman auduga da sana'ar tufafi tun kafin jihadi. Ƙasar laka da wadatar damina su suka jawo jama'a daga nesa. A kowane gida mata na gurzar auduga a kan dutse su fid da angurya, su shiɓe ta da masaɓi, su kaɗa zare da abawa a mazari, da ɗan alli a yatsa. Masaƙi ya karɓa ya jefa ƙoshiya ya fitar da fari da saƙi da gwado, marini ya tsoma a karofi da baba, a kai mabuga, fatake su ɗora wa jakuna. Wannan sana'a ta ciyar da kakanninmu shekaru aru-aru kafin inji ya iso.

Zuwan Turawa ya juya akalar audugar zuwa Ingila. Kamfanin BCGA, wanda aka kafa a Manchester a 1902 kuma mutanenmu ke kira Bisije, ya kafa injinan gurza a Funtua da Malumfashi, aka buɗe gonar iri a Daudawa, aka raba wa manoma sabon iri ɗan asalin Amurka, aka kuma kafa fuloti-fuloti inda ake auna auduga ana biya. Hanyar jirgin ƙasa da ta tashi daga Zariya ta ratsa Funtua da Gusau ta isa Ƙauran Namoda a 1929. Jirgi da auduga su suka ɗaukaka Funtua har ta shafe Maska, wadda sunanta ya rage a sarautar hakimin Funtua, Sarkin Maska, kamar yadda Malumfashi ta bunƙasa a ƙarƙashin Galadiman Katsina.

Bayan samun 'yancin kai ma yankin bai fita daga tarihin ƙasa ba. A tsakiyar shekarun 1970 Funtua na ɗaya daga wurare uku na farko, tare da Gusau da Gombe, da aka soma shirin bunƙasa noma da tallafin Bankin Duniya, wanda ya yaɗa takin zamani da noman masara. A 1978 aka kafa masaƙar Funtua. A 1979 gwamnatin Alhaji Balarabe Musa ta soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kaduna, wadda muke cikinta har zuwa 1987 da aka ƙirƙiro Jihar Katsina. A fagen waƙa kuwa, a Funtua Alhaji Mamman Shata ya yi zamansa na shekaru masu yawa kafin rasuwarsa a 1999. Kowane ɗaya daga waɗannan al'amura ya bar kaya a bayansa: sikelin fuloti, takardar haraji, anini, kwabo mai huda da aka daina kashewa bayan zuwan naira a 1973, hoton tasha, kalangu, faifan garmaho da kaset.

Me Ya Sa Abin Ya Zama na Gaggawa?

Waɗannan kaya suna warwatse ne a ɗakunan tsofaffi da ƙarƙashin rumbuna. Idan tsohuwa ta rasu, magada kan raba gado da tufafi da kwalla, mazari da taskira kuwa a zubar da su a juji, domin babu wanda ya san sunansu, balle amfaninsu. Masu sayen tsohon ƙarfe, wato 'yan jari-bola, na bi gida-gida suna auna tsohuwar garma da tasa da kilo. Gara da ɗigar ruwa na cinye takardu. Dattawan da suka kai auduga fuloti a zamanin Bisije, waɗanda za su iya bayyana yadda ake rarrabe ta lamba ɗaya da lamba biyu, 'yan kaɗan ne suka rage.

Bugu da ƙari, matsalar 'yan bindiga ta shekarun baya-bayan nan ta tayar da ƙauyuka da dama a ƙasashen Faskari, Sabuwa, Ɗandume da Ƙanƙara. Wanda ya gudu da dare da 'ya'yansa ba zai tsaya ɗaukar gafakar kakansa ba. Ga kuma 'ya'yanmu da aka haifa a Abuja da Legas, waɗanda za su iya ba da labarin dalar Masar daga littafin makaranta, amma idan aka ce musu karofi sai su yi zuru.

Shawarwari ga Ƙungiya

Ba sai mun jira katafaren gini ba. Na farko, ƙungiya ta nemi ɗaki biyu a wata makaranta ko ɗakin karatu, masu rufi mai kyau da ƙofa mai kulle. Na biyu, a tanadi littafin rajista, domin darasin Durɓi ta Kusheyi ke nan: kowane kaya a rubuta sunansa, da garin da ya fito, da wanda ya yi amfani da shi, da wanda ya kawo, a kuma ba mai shi takardar shaida cewa aro ne ko kyauta. Na uku, matasanmu masu wayar hannu su zauna da dattawa maza da mata su naɗi muryoyinsu, tare da izininsu, a ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya. Na huɗu, a tuntuɓi ma'aikatan gidan tarihi na Katsina da malaman Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya domin su koya mana yadda ake kare fata da takarda da tufafi. Abin da aka tsinta a ƙarƙashin ƙasa kuwa, doka ta hana a sayar ko a fitar da shi waje ba da izini ba, saboda haka a sanar da hakimi da hukuma.

Na biyar, mu yi koyi da gidan tarihin Yamai na Jamhuriyar Nijar, wanda aka kafa a 1959 kuma yake ɗauke da sunan Boubou Hama. A can an ba masu sana'ar hannu wuri suna aikinsu a gaban masu ziyara, suna kuma sayar da abin da suka yi. Mu ma a ranar taronmu na shekara za mu iya gayyato masaƙi da maƙeri da dukawa da mai kaɗi su yi aiki a bainar jama'a, a kawo 'yan makaranta su gani, su taɓa, su yi tambaya.

Kammalawa

Ya ku 'yan'uwa mazauna birane, wannan ƙungiya ta saba haɗa hannu wajen gyaran aji da haƙa rijiya da tallafa wa marasa lafiya, kuma kuɗin da wannan aiki ke buƙata bai kai na ginin aji ɗaya ba. Abin da ya fi buƙata shi ne kowannenmu, in ya zo gida hutun Salla, ya shiga ɗakin gyatumarsa ko na kakarsa ya tambaya me aka ajiye, ya rubuta abin da aka faɗa masa, ya miƙa wa sakataren ƙungiya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya da damina mai albarka, amin.