Amsoshin Tambayoyinku: Gasar Tsofaffin Motoci A Amurka

Tambayarmu ta wannan mako ta fito ne daga hannun wani mai sauraronmu, manomi kuma ɗan kasuwar hatsi daga Funtuwa. Yana cewa ya ji wai a Amurka ana gasar tsofaffin motoci, inda alƙalai kan rage wa mota maki don an gyara ta ta yi kyau fiye da kima. Shi ne yake so a ba shi tarihin abin da kuma dalilinsa.

To Malam, abin da ka ji haka yake. Amma kafin mu kai ga alƙalai, bari mu fara da motocin tukuna.

A shekarar 1964 kamfanin Pontiac, wani reshe na General Motors, ya yi wata dabara. Injiniyoyinsa, ciki har da John DeLorean, suka ɗauko injin babbar mota mai fulogi takwas, mai girman lita 6.4, suka dasa shi a cikin matsakaiciyar mota ƙirar LeMans, suka sa mata suna GTO. A shekarar farko kaɗai an sayar da fiye da 32,000. Lokacin fetur na araha, ga kuma samarin da aka haifa bayan Yaƙin Duniya na Biyu sun isa tuƙi. Nan da nan sauran kamfanoni suka bi sahu. Chrysler ya sa injinsa Hemi mai ƙarfin doki 425 a motocin Dodge da Plymouth, a 1970 kuma Chevrolet ya fito da Chevelle mai ƙarfin doki 450. Irin waɗannan su ne Amurkawa suka yi wa laƙabi da motoci masu ƙwanji.

Zamaninsu bai kai shekara goma sha biyu ba. Kamfanonin inshora suka tsawwala kuɗi saboda yawan haɗari, gwamnati ta kafa dokar tsabtace iska a 1970, sannan a watan Oktoba na 1973 ƙasashen Larabawa suka hana Amurka mai. Mota mai shan fetur kamar rami ta zama kaya. Waɗansu aka yi ta tsere da su har injin ya buga, waɗansu tsatsa ta cinye.

Sai a shekarun 1980, da samarin nan suka manyanta suka yi kuɗi, suka shiga neman motocin ƙuruciyarsu. Ka kuwa san halin kasuwa, abin da ya yi ƙaranci shi ke tsada. Plymouth Barracuda ta 1971 mai injin Hemi wadda ake buɗe rufinta, ba a ƙera fiye da goma sha biyu ba. A 2014 an yi gwanjon guda ɗaya a birnin Seattle a kan dala miliyan uku da rabi.

Inda kuɗi ya taru kuwa, nan 'yan damfara ke taruwa. GTO ta 1964 da ta 1965, alal misali, LeMans ce aka ƙara wa kaya, don haka lambar jikinta ba ta nuna bambanci. Sai mutum ya sayi LeMans da araha, ya sa mata babban inji, ya manna tambarin GTO, ya sayar da ninkin kuɗi. Sai daga 1966 ne lambar GTO ta fara da 242.

Wannan ne ya ƙara wa aikin alƙalai muhimmanci. A 1974 masu motar Corvette suka kafa ƙungiyar NCRS, a 1976 masu Mustang suka kafa tasu, a 1978 kuma taron Bloomington Gold na jihar Illinois ya fara ba da takardar shaida. Ƙa'idarsa ita ce ba a gwada mota da ta kusa da ita, ana gwada ta ne da yadda take ran da ta fito daga masana'anta. Sai wadda ta sami kashi 95 cikin 100 ake ba shaidar zinariya. Abu huɗu alƙalai ke bi, da tocila da madubi a hannu, har ƙarƙashin mota.

Na farko lamba. Daga wajen 1968 kamfanoni suka riƙa buga wani ɓangare na lambar mota a jikin inji da akwatin giya. In lambobin sun zo ɗaya, injin da aka haife ta da shi ke nan. Mai wayo yakan goge tsohuwar lamba ya buga sabuwa, amma a injin Chevrolet wurin bugun yana da waɗansu siraran layuka da na'urar masana'anta ta bari. Da an goge, layukan sun tafi, asiri ya tonu.

Na biyu kwanan wata. Inji da kafireta da lagireto, kai har gilashi, kowanne da alamar lokacin da aka yi shi. Dole ya riga ranar da aka haɗa motar, tun da ɗa ba ya girme wa ubansa. NCRS kan yarda da tazarar da ba ta wuce wata shida ba.

Na uku takardu. Ma'aikata kan cusa takardar da ke jera kayan kowace mota a ƙarƙashin kujera, a Corvette kuwa daga 1967 a kan tankin mai ake manna ta. Rasit-rasit na Pontiac suna nan a ajiye, haka bayanan Ford daga 1967, don haka ana iya bincikawa. Na Chevrolet kuwa akasarinsu ba su wanzu ba, shi ya sa jabun Chevelle suka yi yawa.

Na huɗu shi ne ainihin tambayarka. A wancan zamani masana'anta kan fitar da kusan mota guda kowane minti, ba wanda ke da lokacin ƙawa. Akan fesa wa inji fenti bayan an ɗaura masa waɗansu kaya, sai fentin ya fantsama a kansu. A ƙasan mota fenti kan yi ɗigo. Masu duba aiki kan yi rubutu da alli, a kuma ɗiga fenti kala-kala a jikin farfela da sifirin don mai haɗawa ya gane na wace mota ne. Kan noti ma da tambarin kamfanin da ya yi shi. To in mai gyara ya share duk wannan, ya sa fentin zamani mai sheƙi da tayar zamani, mota ta yi kyau, amma ya shafe shaidar asalinta. Garin neman gira ya rasa ido. Don haka ƙwararren mai gyara yakan ɗauki hoton kowane zanen alli kafin ya wanke mota, ya mayar da shi daidai inda yake.

Da tafiya ta yi nisa ma, wajen 1990, Bloomington Gold ya buɗe aji na musamman don motocin da ba a taɓa sabuntawa ba. Fentinsu ya koɗe, kujeru sun tsufa, amma daga jikinsu ake koyon yadda masana'anta ta yi aikinta. Da tsohuwar zuma ake magani. An rufe Plymouth a 2001, Pontiac a 2010, ma'aikatan wancan lokaci kuma suna ta ƙarewa.

Kada ka ce bakaniken garinku da ke sa wa a-kori-kura duk kayan da ya samu ya yi laifi. Motarka ta neman abinci ce, tasu kuwa ta ajiye tarihi ce, da yawa ma a tirela ake kai su wurin gasa. Sai dai akwai abin ɗauka. In za ka sayi tsohuwar mota, ko tarakta, ko babur, kada ƙyallin fenti ya ruɗe ka. Duba lambar jiki da ta inji, ka gwada su da abin da ke cikin takarda, don gudun cinikin biri a sama.